Dabinon da na zauna a kai

"Tashi daga nan, ɗana. Kan dabinon babana ka zauna."

Haka wata tsohuwa ta ce mini jiya a wani kwari kusa da Gidigir. Daga jami'a aka turo ni in tattara tarihin zaman mutane da ƙasarsu. Ni na ɗauka guntun kututture ne a kan tudun rairayi.

"Iya, ina sauransa?"

"Yana ƙarƙashinka. Ina yarinya da igiya ake hawansa. Rijiyarmu ma tana ciki."

Na dawo garinmu Gure. Irin wannan tudun ne a bayan gidanmu, kuma bara ya taɓa danga.

Ku da rairayi ya ci garinku, shekara nawa ya ba ku?