Ramar da Ba Ta da Tsami

Ko zan manta da komai na zaman da na yi a Kuala Lumpur, ban da Larabar da na shiga LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, da ɗan tsiro a kofin roba, na ɗora shi a cinya ina kare shi kada a ture. Saboda ku nake rubuta wannan, 'yan'uwana mata da kuka biyo yayye ko mazaje zuwa garin nan, kuke neman ɗan aikin da zai raba ku da zaman ɗaka. Ku yi haƙuri idan maganar ba ta jeru ba, har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Sunana Rukayya, 'yar Kura ce ni. Da na gama sakandare, Yaya Hadiza, wadda take digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, ta ɗauko ni in riƙe mata 'ya'yanta biyu. Da yaran suka shiga makaranta sai yini ya yi mini tsawo. Takardar zamana ba ta ba ni izinin yin aiki ba, kuma na sani, ba zan yi muku ƙarya ba. Babanmu manomin rani ne, renon irin tumatir da tattasai shi ne sana'arsa, a bakin bedi na tashi. Shi ya sa ko a nan ban iya zama ba shuka ba, na dasa barkono a bokitin fenti a tagar kicin ɗin Yaya.

Barkonon nan ne Alhaji Nura ya gani. Shi ne yake kawo wa ɗalibai kayan miya daga gida, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, kowa ya san shi, har limanci yakan yi idan an taru. Ranar da ya kawo mana saƙo ya tsaya yana kallon bokitin.

"Wa ke da wannan hannun mai albarka?"

Yaya ta ce, "Ƙanwata ce. Ko dutse ta shuka sai ya tsiro."

Ya ce, "To ai ke nake nema, ƙanwata. Rama na fara renawa, mutanenmu sun dame ni da kewar kwaɗo. Ruwan saman garin nan kashe iri yake yi, shi ya sa na sa ta a ɗaki. Mai kula kawai na rasa."

Tsarin aikin shi ne: Litinin, Laraba da Asabar, da safe bayan na kai yara makaranta, in hau jirgi zuwa Bukit Jalil. Gidan dogon bene ne irin wanda ake ba ɗalibai haya. A ƙofa akwai masu gadi da babban littafi, duk baƙo sai ya rubuta sunansa da lambar fasfonsa da lambar ɗakin da za shi da lokacin shigarsa. Alhaji ya ba ni makulli da katin hawa lif. A hawa na sha tara ɗakin yake. Ba gado, ba kujera, sai fitilu a rataye da fanka, da kofuna jere a kan tebur, kowanne da ɗan tsironsa. Dokokinsa uku ne: kada in buɗe labule, kada in zo da kowa, kada in ɗauki hoto. Ya ce 'yan kasuwa 'yan'uwansa akwai hassada, suna gani za su kwaikwaya. Na yarda, don na san halin kasuwa.

Shi bai taɓa raka ni ba. Ta waya muke komai. Kullum zai turo saƙon murya, "Ƙanwata, ya ramata?" Ni kuma in ba shi labari.

A sati na biyu na yi abin da kowace 'yar manomi za ta yi, na tsinki ganye na sa a baki. Rama ko jaririya ce da ɗan tsaminta. Wannan babu, sai wani ɗaci-ɗaci da wari da ban saba ba. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Irin ƙasar waje ne, tsamin sai ta girma yake zuwa." Nan ne ya kamata in tsaya. Amma ni ban taɓa ganin tabar wiwi tana kore ba, warinta kawai na sani a tasha. Ganyen kuwa mai yatsu ne, kamar na ramar da na sani.

Sati na uku ciwo ya shigo. Ganyen ƙasa suka fara rawaya, ƙafar tsiron ta sirance daidai inda ta taɓa ƙasa, in zo in tarar biyu ko uku sun kwanta. Na taɓa ganin irin haka a bedin tumatir. Na rage ruwa, na ware marasa lafiyar gefe guda, na yi duk abin da na ga Baba yana yi. Litinin na tarar wasu sun sake kwanciya. Na kira Alhaji. A ranar na fara jin wata murya daban a bakinsa.

"Ke, kin san abin da na zuba a wurin nan? Ba ke aka ce 'yar manomi ba ce? Kada ki bari ko ɗaya ya ƙara mutuwa. Ki san yadda za ki yi."

Maganar ta yi mini zafi, don sunan Baba ya taɓa. To a wajenmu ba a kwatanta ciwon shuka da baki. Ɗaya ake cirowa da saiwarsa da ƙasarsa, a kai wa wanda ya fi ka sani, ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya faɗa maka. Haka Baba yake yi, haka ake kawo masa. Na ce a raina, hoto ya hana ni ɗauka, bai hana ni neman magani ba.

Akwai wani dattijo Bamalaye a Kampung Baru mai sayar da tsirrai a gefen kasuwa, wurinsa na sayi barkonona. Pak Cik muke ce masa, wato kawu. Turancinsa kaɗan, Malayancina kaɗan, amma kan shuka muna fahimtar juna. Ranar Laraba na zaɓi wanda ya fi jin jiki, na sa kofin a ledar tapau, irin wadda ake ƙulla abinci a ciki, na bar bakinta a buɗe don ya sha iska. Na sa hannu a littafin masu gadi na fito.

Na hau jirgi a Bukit Jalil, na sauka a Masjid Jamek na canza wani. A wurin canjin na wuce 'yan sanda biyu a tsaye, har gaishe su na yi. A jirgi na biyu wata mata da ke kusa da ni ta leƙa ledar, ta dube ni, ta tashi ta koma can ƙarshen tarago. Na ɗauka baƙar fatata ce ta kore ta, don an saba yi mana haka. Har haushinta na ji.

Na sami Pak Cik yana yayyafa wa tsirransa ruwa. Na gaishe shi, na miƙa masa kofin, na ce da Turanci, "Pak Cik, ba shi da lafiya. Wane magani?"

Ya karɓa yana murmushi. Murmushin ne ya fara ɗaukewa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya tura kofin ƙarƙashin tebur da sauri har ƙasa ta zube.

"A ina kika samo wannan?"

Na ce na wurin aikina ne, rama ce, na nemo hoton rama a intanet na nuna masa a waya. Ya ce ya san wannan, kenaf suke ce mata, ana noma ta a ƙasarsu. Sai ya nuna ƙarƙashin tebur ya rage murya.

"Wannan ba ita ba ce, 'yata. Ganja ce."

Kalmar na sani, a allunan gargaɗi na filin jirgi na fara ganin ta. Na tsuguna a nan kan siminti. Ya haɗa wuyan hannayensa biyu kamar wanda aka sa wa ankwa, ya ce ko tushe ɗaya aka kama mutum da shi, hukuncin ke nan. Ya tambaye ni guda nawa ne a can. Da na faɗa masa, ya rufe ido ya yi salati. Daga nan ya sunkuya, ya murje tsiron a tafin hannunsa, ya tura shi cikin buhun taki, ya wanke hannu har sau biyu.

"Ki tafi gida. Ki faɗa wa babbanki. Kada ki koma ɗakin nan."

Ban iya tafiya gida ba. Masallaci na shiga, ɓangaren mata, na kira Yaya ina kuka har ba ta gane abin da nake cewa. Ta baro ɗakin bincike ta zo a tasi. Da ta gama ji ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Kira shi. Ki buɗe murya in ji."

Ya ɗauka da fara'arsa. "Ƙanwata, ya ramata?"

Yaya ta ce, "Alhaji, Hadiza ce. Wace irin rama ce ka sa yarinya take reno?"

Ya tambayi abin da ya faru, Yaya ta faɗa masa. Da ya gane an fitar da ɗaya waje, sai ya ce, "Wa ya aike ta? Wa ya ce ta fitar mini da kaya?"

"Ka ji tsoron Allah, Alhaji. A gidana kake cin abinci."

"Hajiya, ki saurara da kyau. Ni ban san wani ɗaki ba. Ba da sunana aka kama haya ba, ban taɓa sa hannu a littafin ƙofa ba. Sunan ƙanwarki ne a ciki, sau uku a sati, da lambar fasfonta. Makulli yana jakarta. In kuna da hankali ku yi shiru."

Ya kashe. Na ciro makullin na ajiye a kan darduma kamar zai cije ni. Hannuna ya tafi kan waya zan goge duk saƙonninsa, Yaya ta fizge ta. Ta ce, "Kada ki taɓa ko ɗaya. Muryarsa ce kaɗai shaidarki."

Wata ƙawar Yaya ta haɗa mu da lauya, mace. Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce a dokar ƙasar nan renon wannan shuka laifi ne da ɗaurinsa zai iya cinye ƙuruciyar mutum gaba ɗaya, kuma wanda yake ba ta ruwa shi ake fara tambaya. Ta ce hanya biyu ce: in yi shiru in jira ranar da za a buɗe ɗakin a bi littafin ƙofa a zo kaina, ko in kai kaina da ƙafata da saƙonnin nan. Ta ce ko ta biyun ba ta yi mini alkawari ba.

Washegari da safe muka je. Aka karɓi wayata da fasfona, aka gwada fitsarina, aka tsare ni kwana biyu. Ba wanda ya taɓa ni, ba zan yi musu ƙazafi ba. Tambaya ɗaya suka yi ta juya mini: yaya 'yar manomi za ta yi sati uku tana kula da shuka ba ta san mece ce ba? Aka kawo tafinta ya fassara saƙonnin Alhaji ɗaya bayan ɗaya, har da nawa da nake cewa na ɗanɗana babu tsami. Da suka je ɗakin sun tarar da shi a share, an wanke har ƙasa. Alhaji Nura kuwa har yau ba wanda ya ce ya gan shi.

Sun tambaye ni wa ya gane mini shukar, na faɗi gaskiya. Shi ma Pak Cik sai da aka kira shi ya yini yana amsa tambayoyi.

An sake ni ba a kai ni kotu ba, amma an soke takardar zamana saboda aikin da na yi ba izini. Kwanaki kaɗan suka rage mini a ƙasar nan. Jiya na dafa dambu na kai wa Pak Cik, in yi masa godiya da bankwana. Ya hango ni tun daga nesa. Da na iso bai amsa sallamata da ƙarfi ba, bai karɓi kwanon ba. Ya ce, idonsa a kan tsirransa, "Allah ya kiyaye ki, 'yata. Amma kada ki ƙara zuwa nan." Na juya da kwanona. Ban ga laifinsa ba. Shekarunsa nawa a wurin nan ba ɗan sanda da ya san sunansa, sai da na kai masa kofi ɗaya.

Abin da na koya shi ne, masu wannan harka ba 'yan iska suke nema su yi musu aiki ba. Irinmu suke nema: wadda ta iya, wadda take jin kunyar tambaya sau biyu, wadda takardarta ba ta cika ba balle ta yi ƙara. Kuma ba da baƙuwar fuska suke zuwa ba, da Hausa suke zuwa, suna ce miki ƙanwata. In an ba ki aiki a garin nan, ki tambaya har sai mai aikin ya ji haushi. In ya ji haushin, ki ɗauki jakarki. Ni kunya ta hana ni, ga shi abin bai tsaya a kaina kaɗai ba, har da dattijon da ya cece ni.