Motar Ƙanƙarar Babana a Garin Rairayi

Ranar Juma'a ce, kwana uku bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Umma tana suyar ragowar naman layya a tsakar gida, sai muka ji tirela tana ja da baya cikin layinmu na unguwar Tsohon Filin Jirgi a Doha, direban yana leƙowa ta taga yana faɗin "yalla, yalla" ga yaran da suka tare hanya. A bayan tirelar an ɗaure wata aba ja mai siffar akwatin ƙarfe. Ba ta da taya ko ɗaya, sai sarƙoƙi masu faɗi irin na katafila. Fentinta ya kwaile, gilashin gaba ya tsage, tsuntsaye sun yi sheƙa a kujerar direba. Baba kuwa yana gefe cikin babbar rigarsa ta masallaci, yana washe baki kamar wanda aka yi wa haihuwa. Umma ta fito da ludayi a hannu ta tambaye shi wannan kuma wane irin jidali ne. Ya ce mata motar tafiya a kan dusar ƙanƙara ce. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dube shi, ta ce a ƙasar da ruwan sama ma sai an fita roƙo. Daga ranar ta raɗa mata suna Kunkuru, sunan kuma ya bi ta.

Babana mutumin Katsina ne, injiniyan injuna a wani ƙaramin kamfanin kwangila. Yana saurayi gwamnati ta tura shi karatu Rasha, kuma a hutun wani lokacin sanyi ya yi aiki a dajin da ake yankan katako, inda ya tuƙa irin wannan mota wata uku. Wata ukun nan ya fi shekara ashirin yana ba da labarinsu. Kowane baƙo ya zo gidanmu sai ya ji yadda numfashin mutum ke daskarewa a gemu. Saboda haka da ya ga Kunkuru a yadin 'yan gwangwan a Sana'iyya, unguwar garejoji da ke bayan gari, bai yi shawara da kowa ba. An ce wasu masu safiyon ƙasa ne suka kawo ta tun da daɗewa don su gwada ta a fadamar gishiri, ta ƙi, suka watsar.

Gidanmu ɓangaren baya ne na wani tsohon gida da iyalai uku suka raba. Namu ya zo da 'yar tsakar gida da bishiyar magarya ɗaya, kuma Kunkuru ta cinye rabin wurin. Igiyar shanyar Umma ta koma kan katanga, tukwanen da take shuka yakuwa da tattasai suka koma bayan tankin ruwa. Kowace Juma'a bayan la'asar da kowace safiyar Asabar, Baba zai shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar. Ƙanena Sadiq Juma'a biyu kawai ya yi ya gudu ƙwallo. Ni na liƙe. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma a ƙarƙashin Kunkuru ne kaɗai nake samunsa ba tare da gajiyar ofis a fuskarsa ba.

Aikina na farko wankin noti ne cikin kalanzir a gwangwanin madara. Daga nan aka ƙara mini girma, na koma mai miƙa sifana, sannan mai ɗura giris a ƙananan ƙafafun da sarƙa ke gudu a kansu. Sarƙar kanta roba ce mai kauri da aka jera wa ƙarafa, kuma rana ta riga ta gasa ta har tana ɓarewa in ka taɓa. Ba inda ake sayar da irinta a ƙasar gaba ɗaya. Baba ya samo tsohon bel ɗin jan tsakuwa daga wata ma'aikatar fasa dutse, ya yanka shi, ya dinga huda shi rami bayan rami, ni ina riƙe da noti ta ƙasa yana ɗaurewa ta sama. Damina ba mu da ita, amma bazara biyu muka cinye a kan sarƙoƙin nan. Yakan ce mini, "Ki ɗaure noti har ya tsaya, kada ki ɗaure har ya yi kuka." Injin ma ba don zafi aka ƙera shi ba. Sai da Baba ya ƙara masa lagireto na biyu, ya wanke kafireta ya fi sau goma. Hitar da ke ɗumama cikin motar ce kawai ya ƙi cirewa, duk da Umma ta ce in ɗumi yake so ya fita ƙofar gida da azahar.

A makaranta na sha wuya a kanta. Ranar duba farce malamarmu takan riƙe hannuna ta nuna wa aji, baƙin giris ya zauna a gefen kowane yatsa, sabulu ba ya fitar da shi. 'Yan mata suna zuwa da lalle, ni ina zuwa da baƙin mai. Da na ce musu muna da motar ƙanƙara a gida, wata ta ce to su kuma suna da jirgin ruwa a kan rufi. Ban damu ba. Ina komowa zan jefar da jaka, in share tsakar gida, in wanke kwanuka da sauri, in shige Kunkuru in rufe ƙofa. Sadiq yakan hau magarya ya yayyaga tsofaffin takardun jarrabawa yana watso su a kan gilashi, wai dusar ƙanƙara ce, ni kuma ina riƙe da sandunan tuƙi ina ratsa dajin Baba. Umma ce ke kawo ƙarshen tafiyar, da tsintsiya.

Shekara uku cif muka yi kafin injin ya tashi. Wata Asabar ce da hantsi. Ya yi tari, ya yi tari, sai ya kama ruri, hayaƙi ya turnuƙe gidan har maƙwabta suka fito. Baba ya sauko idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce hayaƙi ne. Ya zare makullin, ya zura shi a igiyar takalmi, ya rataya mini a wuya a gaban Umma da Sadiq.

"Uwata, wannan taki ce," in ji shi. "Ni makanikinki ne kawai."

Ba a hawa kwalta da ita, don ba ta da lamba, kuma sarƙarta za ta ƙwaƙule titi. Iyakarmu daga gindin magarya zuwa ƙofar gida, taku goma sha biyu, a dawo da baya. A nan ya koya mini: ba sitiyari, sanduna biyu ne, in ka ja ta dama sarƙar dama ta tsaya motar ta juya dama. Hannunsa a kan nawa muke yi. Amma ya yi alkawari cewa Juma'ar farko bayan jarrabawata zai ɗauko tirela a kai Kunkuru tuddan rairayin da ke kudu da gari, a can zai sauka ya bar ni ni kaɗai a ciki. Na rubuta ranar a bangon littafin lissafina. Ba abin da na taɓa so a duniya kamar wannan Juma'ar.

Saura kwana tara Abu Nasir ya zo gidanmu. Shi ne mai kamfanin da Baba ke aiki, kuma shi ne kafil ɗinmu, wato takardun zamanmu a ƙasar duk da sunansa aka yi su. A lokacin ba a canza aiki, ba a ma fita ƙasar, sai ya sa hannu. Bai taɓa taka ƙofarmu ba sai ranar, da ya zo barkar haihuwar autarmu. Umma ta yi waina da dambun nama, aka kunna turaren wuta, ya ci ya yaba. Ya miƙe zai tafi, Kunkuru tana lulluɓe da tamfol, ko kallonta bai yi ba. Ni ce na ruga na yaye tamfol ɗin. Ba wanda ya sa ni. So nake babban mutum ya ga abin da muka yi da hannunmu, kuma wannan rawar kan tawa har yau ban yafe wa kaina ita ba.

Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa sabon jan fentin, ya leƙa ciki, yana ta masha Allah. Baba ya karɓi makulli daga wuyana ya tayar masa da injin. Ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Sai Baba ya yi abin da kowane Bakatsine mai tarbiyya zai yi in baƙo ya yaba kayansa: ya ɗan rusuna ya ce masa da Larabci ai tasa ce. A gida kowa ya san ƙarshen wannan zance. Baƙo zai ce ya gode, Allah ya bar zumunci, a yi dariya, kowa ya riƙe kayansa. Kara ce kawai. Na sha ganin Baba ya ba da hularsa da agogonsa haka, da yamma kuma suna jikinsa. Abu Nasir dai ba Bakatsine ba ne. Ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce a wajensu mayar da kyautar mutumin kirki wulaƙanci ne.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Na karɓa."

Ina tsaye da bakin tamfol a hannuna, makulli na lilo a jikin motar da igiyar takalmina. Na dubi Baba ina jiran ya gyara maganar. Murmushi yake yi, irin wanda ba ya kai wa ido.

Umma, wadda ta shekara uku tana zagin Kunkuru, ita ce ta fi kowa tayar da jijiyar wuya. Ta ce Baba ya je ya sami Abu Nasir ya faɗa masa gaskiya, motar ta yarinya ce, ba mutumin da zai ƙwace wa yarinya abinta. Baba ya ce baki ya riga ya furta, shi ba ƙaramin mutum ba ne. Da ta matsa, sai ya tuna mata saura wata biyu a sabunta takardunmu. Dalilai biyu ya kawo, kunya da tsoro, kuma har yanzu ban san wanne ya fi nauyi a wajensa ba. Abin da na sani shi ne ni ban shiga lissafin ba. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na ɓoye makullin a cikin buhun shinkafa.

Ranar Alhamis tirela ta zo, ana gobe Juma'ata. Abu Nasir da kansa ya biyo ta. Baba ya kira ni ɗaki ya ce in fito da makulli, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai ko dube ni ba. Na ɗauka karɓa zai yi ya kai. A'a. Cewa ya yi ni zan kai, in durƙusa in miƙa da hannu biyu, don kada mutumin ya ga kamar gidanmu ana baƙin ciki da kyauta. Na durƙusa. Na miƙa. Abu Nasir ya shafa kaina ya ce yarinya mai ladabi. Sannan ya miƙa wa Baba makullin, Baba da kansa ya tuƙa Kunkuru ya hau da ita tirela, kuma wannan ce tafiya mafi tsawo da ta taɓa yi a hannunmu. Washegari aka aiko mana da rago da kwalbar turare. An yi kwana huɗu ana cin ragon nan a gidanmu, ni ko romonsa ban taɓa ba.

Bayan shekara guda Abu Nasir ya gayyaci ma'aikatansa da iyalansu gonarsa a arewacin gari. Tun daga nesa na hango ta. An ɗora ta a kan bulo a bakin ƙofa, an nannaɗe ta da ƙananan fitilu na ado. Sarƙar da muka huda rami bayan rami ta tsattsage a rana. An cire gilashin gefe, tantabaru na shiga suna fita, kashinsu ya rufe kujera. Makullin yana nan inda aka soka shi, ya yi tsatsa, igiyar takalmina ta koma fara. Mai gadi ya ce tun da aka sauke ta ba a taɓa tayar da ita ba. Baba ya tsaya a gabanta ya gaya wa Abu Nasir cewa wurin ya dace da ita ƙwarai. Daga ranar ban sake ganin sifana a hannunsa ba, ko famfo ya lalace sai ya kira mai gyara.

Yanzu Baba ya yi ritaya ya koma Katsina. Ni na zama injiniyar injuna, ina zaune a unguwar Al Thumama a nan Doha da mijina da 'ya'yana biyu, a wurin da da fili ne fetal. An rushe tsohon gidanmu, magaryar ma babu ita. Dokokin takardu sun sassauta, yaran yanzu ba su san irin shirun da iyayenmu suka haɗiye ba. Bara, muna hira a waya, na tayar masa da zancen karo na farko. Ya ce, "Uwata, da na ce na fasa, da wane ido zan dube shi?" Na ce, "Baba, ni da wane ido ka dube ni?" Sai ya tambaye ni lafiyar yara.

Ina sonsa, kuma duk abin da hannuna ya iya a ƙarƙashin motar nan ya koya. In na ji warin giris da kalanzir, sai in ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin Kunkuru yana kiran lambar sifana, in ji kamar in miƙa masa. Amma kwanan baya wata baƙuwa ta yaba keken 'yata, na ce mata na gode, ban ce mata ai nata ne ba. Umma ta zo mana ziyara tana wurin, da baƙuwar ta fita ta ce zaman ƙasar Larabawa ya cire mini kara. Ban yi mata musu ba. Na dai san abin da kara ta ci a gidanmu, kuma ba na wanda ya yi ta ba ne.