Ranar da Likitan Haƙori Ya Yi wa Kawuna Kiwo

Tarihin mulkin mallaka a ƙasar nan, in an sheƙe shi an zubar da ƙaiƙayi, tarihin wa ya ɗauki kaya ne, wa kuma ya bi baya da hannu a aljihu. Mu muka share hanya, mu muka ɗauki gyaɗa a ka, mu muka kafa turakun waya. Sau ɗaya tak na san abin ya juya, Nasara ya yini yana yi wa baƙar fata aiki ba a ba shi ko tamma ba, kuma ni ne na shirya hakan. Littattafan tarihi ba su ambata ba. Na duba.

Shekarun baya ne masu nisa, Faransa na gab da naɗe tabarmarta, ina sabon mushe, wato malamin boko, a lakkol ɗin Dakoro. Lokacin ina ganin duniya kashi biyu ce: waɗanda suka iya Faransanci, da waɗanda ake yi wa haƙuri. Muna cikin hutu kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya aiko gardi, ɗan sandan bariki, ya kira ni. Ashe ƙanin matarsa ne ya zo daga ƙasarsu, likitan haƙori, wai yana son ganin raƙumin dawa. Tafintan bariki na kwance ba lafiya, sai aka ce ni zan raka shi.

Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ce, "Halbi za shi yi?"

Na ce a'a.

"Kamawa?"

"Kallo kawai, Inna."

Ta dube ni ta ce, "Daga can har nan don shi kalli dabba? Allah shi ba shi lahiya. In ka ga kawunka ka gaishe shi, shina wajen da shanu."

An kafa mana 'yan tantuna arewa, wajen Azagor, a bakin wani tafki da ruwansa ya fara ja baya bayan kaka. Akwai na likita, da na kuku da kayan girki, da wani ɗan ƙarami nawa ni kaɗai, har da gadon lanƙwasa da gidan sauro. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba, ko da yake da rana ta take, tantin ya fi tanda zafi. Na je da farin kaki da doguwar safa. Ƙarangiya ta yi maraba da safar nan yadda ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Likita mutumin kirki ne, gajere mai sanƙo, ba ya tsawa. Ya karanta littattafai da yawa a kan namun daji, kuma duk sun ce abu ɗaya: ka ɓuya, ka yi shiru, ka jira. Sai ya sa aka yi mana wata bukkar ƙirare kusa da ruwa. Kullum da sassafe mu shiga mu durƙusa, shi da madubin hangen nesa a ido, ni da haƙuri. Kwanaki muna haka. Mun ga wutsiyar barewa tana barin gari. Mun ga jimina daga nesa kamar tulu a kan sanduna. Dila kuwa shi ya zo ya gan mu, ya tafi da naman kuku. Raƙumin dawa dai ko ƙurarsa.

A ɗaya gefen tafkin rugar kawuna take, yayan mahaifiyata, da jajayen shanunsa masu dogayen ƙaho. Da kumandan ya zo duba ƙanin matarsa ya tarar babu labari, sai ya dubi hayin can ya yanke hukunci a tsaye. Shanu ne ke korar namun daji. Gobe da yamma zai dawo da gardawa, makiyaya su tashi.

Wanda bai san dajin nan ba zai ce tashi ai al'adar makiyayi ce. Amma a lokacin ruwa na gaba yana da nisa ƙwarai, kuma shanun kawu sun haihu ke nan. Maruƙan ba za su kai ba. Kuma ni, da Faransancina da safata, ni aka aika in kai saƙon.

Kawu na zaune yana tufka igiya. Ya saurare ni har ƙarshe, bai ɗago ba.

"To, ɗan lakkol. An kai ka karatu don ka zo ka tada mu da kyakkyawan lafazi."

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Ina komawa tanti ina tsintar ƙarangiya, sai na tambayi kaina abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko: ni a ina na taɓa ganin raƙumin dawa? Ina yaro na gan su ba adadi, lokacin da ake turo ni hutu ruga. Kuma kullum ina bayan shanu ne, ina ihu, ina jifa da sanda. Ba su taɓa kula ni ba. Mutumin da ke hayaniya a bayan saniya sun san shi, makiyayi ne. Wanda ya durƙusa cikin ƙirare ya yi tsit, shi ma sun san shi. Maharbi ne. Kwana da kwanaki muna kwaikwayon mutum ɗaya tilo da suke tsoro.

Likita bai ba ni wahala ba. Na tsara masa hujjar daki-daki kamar darasin lissafi, na ce mu bi shanu kamar makiyaya, ya buga cinya ya ce me ya sa babu wannan a littafi. Kawu ne aikin.

"Baƙo shi yi mini kiwo? Da wanga gilashi mai ido biyu? Ƙirga mini dukiya za shi yi, ko dai bakinai shi kama su."

Ga makiyayi, baƙo ya nuna shanu da yatsa ko ya ƙirga su ko ya yaba su kai tsaye, duk neman masifa ne. Na ce, "Kawu, ko dai Nasara ɗaya da safe, ko gardawa da yamma. Zaɓi."

Ya yi tsaki. "Ka hore shi tukuna."

Na kuwa hore shi. A ƙofar tanti na koya wa likitan haƙori yadda ake saɓa sanda a wuya a rataya hannuwa, da yadda ake yi wa saniya tsawa. Na hana shi nuni, na hana shi ƙirge. Na ce in abu ya burge shi ya ce tubarkalla ya yi shiru. Ya fi yawancin 'yan ajina ƙwazo.

Da safe muka bi shanu, likita da malafar aro. Komai na tafiya daidai har wani ɗan bijimi ya matso ya shinshine shi. Sana'a ta motsa. Kafin in ankara ya kama leɓen dabbar ya ɗaga yana leƙen haƙora. Wannan kam ban hana shi ba, don ban taɓa tunanin mai hankali zai yi ba. Ba mai duba haƙoran bijimi sai mai saye ko mai neman jangali.

Kawu ya taho a fusace. "Na faɗa maka! Ciniki ya zo yi! Ku hita mini daga cikin dukiya!"

Na sha gabansa. "Kawu, wallahi aikinsa ke nan a garinsu. Haƙora yake dubawa, na kowa. Kai ma in ka ci gaba da buɗe baki haka, naka zai leƙa."

Kawu ya dubi likita, likita ya yi masa murmushi yana kallon bakinsa da sha'awa. Kawu ya ja rawani ya rufe baki. Muka ci gaba da tafiya.

Da hantsi muka shiga wani kwari mai itatuwan ƙaya. Na fara zaton kututture ne ya yi tsawo fiye da kima, sai kututturen ya juyo da kai ya dube mu yana tauna. Sannan wani, sannan wani, da ƙarami a gefen uwarsa yana tafiya kamar wanda aka ara wa ƙafafu. Shanu suka ratsa ta ƙarƙashinsu, mu ma muka bi. Raƙuman dawan suna miƙa baƙin harshe tsakanin ƙaya suna zare ganye, ba su ko kula mu ba. Har inuwar ɗaya ta faɗo a kaina. Likita ya manta da madubin da ke wuyansa. Ya tsaya da sanda a kafaɗa, hawaye na gangarowa, ya ce tubarkalla a hankali, daidai yadda ake faɗa.

Sai wata karsana ta ɓalle. Kawu, daga cikin rawani, ya daka tsawa: "Kai, Nasara! Tare can!"

Ban fassara ba. Ya ruga a guje ya taro ta.

Da yamma kumandan ya iso da gardawansa ya tarar da ƙanin matarsa na koro maruƙa, fuska ja jawur, wando duk ƙarangiya. Likita ya gaya masa a gaban kowa cewa in babu shanun nan babu raƙumin dawa, kuma in aka tashe su zai gaya wa yayarsa, matar kumandan. Ban san ko hujjar farko ce ta yi aiki ko ta biyu ba. Kumandan ya yi gyaran murya, ya ce makiyaya na iya zama. Wannan saƙon ma ni na fassara, da ƙarfi, na ƙara masa ɗan gishiri.

Na koyar shekaru masu yawa bayan haka, ɗalibaina sun zama manyan mutane, wasu har suna gaishe ni. Amma in aka tambaye ni ranar da karatuna ya fi amfani, wannan ce. Harshen da aka koya mini don in riƙa kai umarni, ranar na sa shi ya dawo da umarni inda ya fito. Har yau in na tuna sai in gyara zama.

Likita ya ji daɗi ƙwarai, ya ba 'yan'uwansa Nasara na Maradi labari, su ma suka fara zuwa da tantunansu suna neman a ba su sanda. Ba a jima ba, da maruƙa suka yi ƙwari, kawu ya kwashe shanunsa ya bar tafkin da kansa. Ya ce wurin ya cika Nasara.