Guɗar da Na Yi a Bakin Kogi

Ni a da mai guɗa ce. Daga Haɗeja har Kafin Hausa ba a kai amarya sai da muryata. Ban yi boko ba, amma in na buɗe baki kowa sai ya juyo. Wannan bakin ne ya kai ni kurkuku.

A wajen biki na soma, ina yi wa Fulanin rugar tsallaken kogi zambo, mata na shewa. Daɗin shewar ya sa na riƙa ƙara gishiri, alhali Dije, wata matar rugar, kullum ita ke kawo mini nono.

Wata kaka shanu suka cinye mana shinkafa a fadama. Maza suka taru bakin kogi da adduna, amma sun kasa shiga kwale-kwale. Na ce, "Ku ba mu wandunan, ga zannuwa! In kun tsallaka kada ku bar ko na goye!" Na rangaɗa guɗa. Suka tsallaka.

Hayaƙi kawai na hango. Ashe har na goyen ba su bari ba.

A kotu lauyoyi suka yi ta ja. Wannan ya ce rikicin manoma da makiyaya ne. Wancan ya ce kisan ƙare dangi ne, tunda an nufi shafe mutane saboda asalinsu, kuma shaidar niyyar tana bakina. Aka shigo da Dije. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Iya, muryarki na ji kafin in ga wuta." Nan take na hango igiyar rataya a wuyana.

Alƙali ya ce laifin tunzura jama'a ne aka kawo gabansa, a kansa ya ɗaure ni. Na shaƙi iska, na ɗauka na sha.

Da na fito, na shiga kwale-kwale neman gafara. Ba ruga, sai gonar albasa. Na tambayi mai gonar ina Dije, ya ce, "Wace Dije, Iya?"

'Ya'yana, alƙalin duniya bai kira abin kisan ƙare dangi ba, amma ni na san abin da na nufa, kuma Allah ya sani. Na tuba, sai dai hakkin mutum sai mai shi ya yafe. Ga tsufa ya ci ƙarfina, ko tari na yi sai gabana ya faɗi. In kun ga maza da makami suna jinkiri, ku kama bakinku, ku bar su su huce. Wanda kuma ya san inda Dije take, don Allah ya faɗa mini tun ina numfashi.