Kambas ɗin da na saya wa Baba

Shekarun baya, lokacin da tumbi ya fara yi mini sallama a Kano, wani abokina ya ja ni muka fara gudun safe. Shi ya raka ni na sayi kambas irin na 'yan gudu, wanda samansa ba fata ba ne, saƙa ce kamar safa. Mai shagon ya zayyana mini komai: inji ne yake saƙa saman gaba ɗaya, babu ɗinki a ciki da zai goge ƙafa, wajen dunduniya a matse, wajen yatsu sako-sako don iska ta shiga. Gudun dai ko wata biyu ban yi ba na watsar. Bayanin kuwa ya zauna mini daram, har na koma ina yi wa mutane lacca kamar ni na ƙera injin.

A lokacin mahaifina yana fama da ciwon suga. Ƙafafunsa suna kumbura, wani lokaci ma ya ce ba ya jin su sosai. Manomi ne a ƙauyenmu kusa da Toranke, irin mutanen da idan ba su taka gona ba abinci ba ya yi musu daɗi. Takalminsa na gona wani baƙin danƙo ne rufaffe mai taurin tsiya, ya sha liƙi da wuƙa mai zafi har ba a gane asalin kamanninsa. Gaskiya kunyar takalmin nan nake ji. A ce ɗanka yana aiki a birni, kana yawo da wannan?

Sai na sayo masa irin nawa, ruwan toka, na kai masa da bazara ana shirin sharar gona. Na durƙusa na saka masa da hannuna, ina ta zuba: "Baba ka ji laushi? Ko ƙafar ta kumbura, shi ma buɗewa yake yi."

Ya motsa yatsunsa a ciki, ya yi murmushi ya ce, "Allah ya yi albarka. Kamar ban sa komai ba."

Mahaifiyata ta karɓi ɗaya ta jujjuya, ta tura ɗan yatsa ta ciki har ya turo saƙar. Ta ce, "Wannan ai hular jarirai ce aka yi wa tafi. Ƙarangiya kam ta samu gida."

Na yi dariya na ce, "Inna, Turawa fa da shi suke gudun kilomita arba'in."

Ta ce, "A gonar wa?"

A ganina ba ta gane ba ne. Da zan koma Kano, na san halin Baba, ina juya baya zai koma wa tsohon nasa. Saboda haka na lallaɓa na ɗauke danƙon na jefa a but ɗin mota, na yar da shi a hanyar Gaya. Har yaba wa kaina dabara na yi.

Sauran labarin daga baya Inna ta ba ni. Baba ya nemi tsohon takalmin bai gani ba, ya gane aikina ne, ya ci gaba da sa sabon. Kullum ya dawo daga gona sai ya zauna ya zazzage rairayi, ya bi saƙar yana tsince ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya. Wata rana yana tumɓuke tushiyar dawa, tsinin wata ya ratsa saƙar ta gefe ya shige masa gindin ƙaramin yatsa. Bai ji ba sam. Sai da ya zo alwalar azahar ya ga jini. Ya ɗaure da tsumma, ya mayar da takalmin, ya ci gaba da zuwa gona, rairayi yana bin ramukan saƙar yana shiga ciwon. Ya kuma kafa wa Inna sharaɗi kada ta kira ni.

Sai da ƙafar ta yi baƙi ta fara wari, Inna ta karya sharaɗin. Daga asibiti a Gaya aka turo mu Kano, a nan aka yanke masa yatsu biyu. Likitan ya tambayi abin da yake sawa, na nuna masa na ƙafata. Ya ce takalmi ne mai kyau ga mai suga, in dai a kan titi zai taka. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni: "Laifina ne likita, ni ne ba na duba inda nake sa ƙafa."

Da muka rage mu biyu na ce, "Baba, me ya hana ka sayi wani danƙon? Ga shi nan birjik a kasuwa."

Ya ce, "Ka kawo abu da murnarka, duk gari an san ɗana ne ya saya mini. In je in sayi wani, na ce maka me kenan?"

Daminar nan ƙannena ne suka yi noman. Ciwon ya warke, alhamdu lillahi, amma ƙafar ba ta ƙara riƙe shi a kan kunya ba. Bai sake kama garma ba har ya koma ga Allah.

Takalmin ba shi da laifi, har gobe ina sa irinsa. Wanda ya saƙa shi ya san ƙasar da ya saƙa wa, ni ne na manta ƙasar da na tashi a cikinta. Da kyautar kawai na ajiye na tafi, da Baba ya riƙa sa ta ranar Juma'a, ya sa danƙonsa sauran ranaku, kowa ya huta. Abin da yake cina har yau shi ne waccan tsayawar da na yi a hanyar Gaya. Mutum ya shekara hamsin yana taka gonarsa, ni kuma ban taɓa tambayarsa ko sau ɗaya me ya sa ya zaɓi takalmi mai tauri ba.