Gemun Bawa Duba-gari da Murhun Lantarki

Bawa duba-gari mutumin Shagari ne, aiki ya kawo shi Boɗinga. Abu biyu yake taƙama da su a duniya: gemunsa, da murhun lantarkin da ya sayo a Sakkwato shekarar da aka ja wa unguwarsu wuta. Ranar da ya kawo murhun ya tsaya a ƙofar gida ya rantse, in an sake ganin hayaƙi a gidansa a aske masa gemu. Maniru wanzami, maƙwabcinsa kuma abokin wasansa, ya ce ya ji, kuma ya riƙe.

Sai aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, wuta ta koma kamar baƙuwa. Wata Laraba wutar ta ɗauke ana tsakar dahuwar wake, Ramatu matar Bawa ta manta ba ta zare filogi ba. Da wutar ta dawo, da hauka ta dawo. Murhu ya yi ƙara tas, hayaƙi mai warin roba ya turnuƙe ta taga.

Kafin Bawa ya sa takalmi, Maniru ya iso yana wasa aska.

"Mai tsabta, jiƙa gemu, na taho."

"Wanga hayaƙin turawa na, ba na icce ba! Koma gida."

Dattawan unguwa suka yanke cewa wannan ba ya cikin lissafi, amma na gaba yana ciki.

Bawa ya kife murhu a tabarma. Ya buɗe filogi, fis ya ƙone, ya naɗe shi da takardar kwalin sigari. Ya bi igiya yana shinshinawa har ya kai inda ta narke, ya yanke ya ɗaure. Naɗaɗɗiyar wayar da ke yin ja ta tsinke, ya murɗe bakinta da filaya. Ya jona, shiru. Ashe wutar ta sake tafiya, ko sallama babu.

Gidan ya koma cin garin kwaki da ƙuli. Maniru kuwa ya dasa kujera a ƙofar gida yana kallon sama, yana jiran hayaƙi.

Da yunwa ta ishi Ramatu, ta ce, "Malam, gemunka muka ci ko tuwo?"

"Ɗauki tukunya ki bi ta baya, ki gaishe da matar wanzami."

Jim kaɗan hayaƙi ya tashi, baƙi ƙirin. Maniru ya zabura da aska.

Bawa ya shafa gemu, ya nuna masa da baki.

"Duba da kyau, bisa ɗakinka shi ke. Iccen ma naka na."