Juma'ar da Dada Ta Hau Bene

Har gobe ban manta da Juma'ar da mahaifiyata ta hau bene saboda aikinmu ba. Ku sababbin ma'aikata kun tarar da na'urori suna aiko da bayanai da kansu, kuna cikin sanyi kuna danna kwamfuta. Mu a zamaninmu rana ce ke gasa mana ƙeya.

A shekarun da tashin bama-bamai ya sa kowa a Gombe yake kallon jakar ɗan'uwansa, ina ƙaramin ma'aikacin kwantiragi, mai kula da na'urori a ƙarƙashin Dakta Rifkatu, 'yar unguwar Herwagana. Bincikenta a kan abubuwan da ke yawo cikin iska ne: hayaƙin ƙona gonaki, na gawayi, na janareto, da toka. Akwai tauraron ɗan'adam da ke auna su daga sama, amma ba a yarda da maganarsa sai wani ya auna daga ƙasa a daidai lokacin da yake wucewa, a gwada biyun. Aikinmu ke nan. Mukan hau rufin wani ofishi a unguwar Madaki da wata baƙar na'ura mai kama da tsohuwar rediyo, mu saita idonta da rana, ta nuna mana yawan hasken da hayaƙi ya tare.

Tauraron bayan ƙarfe ɗaya yake wucewa, lokacin huɗuba. Sai muka raba: Juma'a Dakta ta hau, Lahadi ni, tunda ita tana coci. Na'urar kuwa aro ce daga wasu masana na ƙasar waje, kuma tun da labarin yankinmu ya kai musu suka ce a mayar musu da abinsu. Da ƙyar Dakta ta shawo kansu suka bar mana ita zuwa faɗuwar damina, da sharaɗin ba fashin awo muddin sama garau take. In na'urar ta tafi, binciken shekaru ya tsaya, aikina ma ya bi ta.

Wata Juma'a a watan Maris, ana sallame salla sai na ji hayaniya a ƙofar ofishin, don rufin namu yana kallon masallacin unguwa ne. 'Yan sintirin da ke binciken masallata ne suka hango mace a sama da baƙin abu a hannu. Na tarar sun sauko da ita, ɗankwalinta a ƙasa. Ban ga laifinsu ba, a lokacin ko kwali aka yar sai mutane su watse. Na yi bayani har bakina ya bushe, sannan shugabansu, Usmanu, ya miƙo mini na'urar.

"Malam Buba, mun ji," in ji shi. "Amma daga yau ba mai hawa rufin nan ran Juma'a. Yau mu ne, mun san ka. Gobe in soja ne, ba tambaya zai tsaya yi ba."

Da muka koma ofis Dakta ta ce, "Buba, ba zan ce ka bar salla ba, kuma ba zan sa 'ya'yana kuka saboda hayaƙi ba. Su zo su ɗauki abinsu." Raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiya ta faɗa kuma ba ni da wata dabara.

A gida na kasa cin tuwo, mahaifiyata ta matsa sai na faɗa mata dalili. Dada muke kiranta. Ungozoma ce, rabin samarin Madaki a hannunta suka faɗo, amma a lokacin gwiwa ta ci ƙarfinta har a zaune take salla.

"Abin nan harbi yake yi?" ta tambaye ni.

"A'a, Dada, rana kawai yake kallo."

"To ai Juma'a ba ta wajaba a kan mace ba. Ni zan zauna da ita."

Na yi dariya na ce benen fa da tsawo. Ta harare ni. "Bingel am, ɗana, ka taɓa jin na bar mai naƙuda saboda matakala?"

Juma'a ta zagayo muka hau keke-napep da tabarma da buta da laima. Hawan nan ya kusa ya sa ni kuka. Tana yi tana hutawa, tana mitar wanda ya gina benen da wanda ya ba shi kwangila. Dakta ta riƙo hannunta tana cewa, "Dada, don Allah ki bari." Ita kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Muna shimfiɗa tabarma a bakin rufin, inda kowa zai gan ta, sai ga Usmanu ya hawo yana huci.

"Dada! Me kike yi a nan?"

"Usmanu ɗan Hajara ne? Ni na yanke maka cibiya kana tsala ihu kamar ɗan akuya. Wannan 'yata ce, rana take aunawa. Je ka faɗa wa sojojinka, tsohuwar da ke sama ni ce."

Ya sosa ƙeya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya sauka. Daga baya na ji da ƙafarsa ya je wurin mai unguwa da jami'in da ke shingen sojoji, ya tsaya mana.

Ba zan ɓoye muku ba, huɗubar ranar ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ɗora uwata a kan rufi a garin da ake harbi kafin tambaya. Ina zaune a sahun waje, idona na kan laimar nan, har aka tada salla. Da na hau bayan an idar, na tarar Dakta ta gama awo, tana riƙe wa Dada laima ita kuma tana azahar.

Haka suka yi kowace Juma'a har ruwa ya sauka. Dada ta laƙaba mata Likitar Rana. Kullum sai ta ƙura wa sama ido tana neman tauraron, ta ce, "Ya wuce?" In aka ce ya wuce, sai ta ja tsaki. "Wannan baƙon naku ko sallama ba ya yi."

Masu na'urar suka ga ba mu yi fashi ba, suka bar mana ita. Dakta yau farfesa ce, ni kuma ga ni an tabbatar da ni har ina koya muku aiki. Da Dada ta rasu, Allah Ya jiƙan ta, Farfesa ta zo ta zauna cikin mata har aka share makoki. Da za ta tafi abu ɗaya ta roƙa, tabarmar.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan tauraro yana bukatar mutum a ƙasa, shi kuma mutumin yana bukatar wanda unguwa ta yarda da shi ya zauna kusa da shi. Masu karanta binciken Farfesa a ƙasashen duniya suna ganin awon Juma'o'in nan a jere, ba su san gwiwar da ta hau bene dominsu ba. Ni na sani, kuma har in mutu ina godiya. Don haka tabarmar da kuke gani a naɗe bayan ƙofar ofishin Farfesa, kada wanda ya kuskura ya ɗauka ya ci abinci a kai.